Yadda Ake Zaɓen Fannin da Za a Fara Tara Tsoffin Sulalla da Shi

Gwangwanin alawa ne ya jefa ni cikin wannan harka. Shekara da shekaru yana ƙarƙashin gadon kakarmu a Makka, ba mai taɓa shi, sai bayan rasuwarta aka buɗe. Babu wani abin a zo a gani a ciki: anini uku masu huji da suka rage daga guzurin da suka taso da shi daga Kano ta hanyar Sudan, da 'yan ƙirshin Turkawa da suka yi baƙi, sai wata ƙatuwar azurfa mai hoton mace wadda mutanen nan ke kira riyal faransi. Da na ga 1780 a jikinta sai na ce na tsinci dami a kala. Ashe matar da ke jikinta Mariya Tariza ce, sarauniyar Ostiriya, a shekarar ta rasu, kuma duk wanda aka buga bayan nan, ko a Biyana ko a Landan ko a Bambai, 1780 ɗin ake ta maimaitawa. Tawa ma ƙila ba ta girmi kakar tamu ba.

Ban daddara ba. Na shiga saye ba ji ba gani, duk abin da ya yi baƙi ya yi tsatsa a haraj, wato kasuwar gwanjon tsofaffin kaya, sai na miƙa kuɗi. Bayan shekara biyu ina da ƙwaya kusan sittin. Rannan wani dattijo abokin mahaifina, wanda ya daɗe yana harkar azurfa a Balad ta Jidda, ya zo gidanmu, na zazzage masa su a kan darduma ina jiran yabo. Ya ɗauki ɗaya ya juya ta.

"Ɗana, wannan a wane gari aka buga ta?"

Na yi shiru.

"To, a zamanin wa?"

Na ce, "Baba, ai dai tsohuwa ce."

Ya ce, "Ni ma tsoho ne, amma ina da suna, ina da gari."

Kafin ya tashi ya ware kusan kashi ɗaya cikin uku gefe guda ya ce jabu ne. Sauran na gaske ne, amma tarkace ne, ba wadda ta san 'yar'uwarta. Abin da ya kamata in yi tun ranar farko shi ne in tsayar da fanni ɗaya, ƙarami, in san shi ciki da bai. Ga yadda ake yin haka.

Mataki na farko: ka san abin da babu shi

Kafin ka zaɓi abin da za ka tara, ka fitar da abin da ba a taɓa bugawa ba, don a nan ake fara cin kuɗin baƙo. Sulalla irin waɗanda muka sani, ƙarfe mai nauyi sananne da hatimin hukuma a kai, sun fara ne a ƙasar Lidiya, cikin Turkiyya ta yau, a ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Saboda haka duk wanda ya nuna maka kuɗin Annabi Sulaimanu ko na Fir'aunan zamanin Annabi Musa, ka yi masa sallama. Haka daular Kush da Marawi a Sudan, duk girmanta da dalolinta, ba ta buga sulalla ba. Manzon Allah (SAW) bai buga kuɗi ba. Mutanen Makka da Madina na zamaninsa da dinarin Rumawa da dirhamin Farisa suke ciniki. Wanda ya ce yana da dirhami mai ɗauke da hatimin Annabi daga shekarar Hijira, ƙarya yake yi ko shi ma an yi masa.

Sannan ka raba tsoho da daɗaɗɗe. Ƙirshin Turkawa, da kuɗin Sharif Husaini na Hijaz, da riyalin azurfa na Sarki Abdul'aziz na Saudiyya na shekarar 1346 bayan Hijira, duk tarihi ne mai daɗi, kuma su suka fi yawa a kasuwanninmu. Amma in daɗaɗɗe kake so, maganar Girkawa da Rumawa da Farisa da Larabawan kafin Musulunci da ƙarnonin farko na Musulunci ake yi.

Mataki na biyu: ka ƙidaya aljihunka

Ka yanke abin da za ka iya fitarwa a wata ba tare da ya taɓa cefane ko kuɗin sabunta iƙama, takardar izinin zama a Saudiyya, ba. Ka rubuta shi. Wannan adadi shi zai zaɓa maka ƙarfe. Tagulla ta fi araha, azurfa na tsakiya, zinariya kuwa ka manta da ita tukuna: dinari ɗaya giram 4.25 ne na zinariya, ko ba tarihi a kansa kuɗinsa ya riga ya yi nisa, kuma shi 'yan jabu suka fi yi wa aiki. Kowa ya ji labarin dinarin shekara ta 105 bayan Hijira mai rubutun Ma'adinu Amiril Muminina bil Hijaz, wato mahaƙar Sarkin Muminai da ke Hijaz, wanda aka sayar a gwanjo a Landan a 2011 kan fam miliyan 3.72. Labarin nan ya sa mutane da yawa sun sayi gaci da sunan zinariya.

Fannin da ya dace da kai shi ne wanda kuɗinka na wata ɗaya ko biyu zai sayi ƙwaya ɗaya mai kyau a cikinsa. In sai ka yi tarin shekara kafin ka sayi ɗaya, ba za ka koyi komai ba, don ido da yawan riƙewa yake buɗewa.

Mataki na uku: ka zaɓi rubutun da kake iya karantawa

Nan ne zancen yake, kuma nan zan daɗe.

Tsaba takarda ce ta ƙarfe. In ba ka iya karanta ta ba, abin da mai sayarwa ya gaya maka shi ne iliminka, kuma mai sayarwa ba malaminka ba ne. Saboda haka ka bi fannonin nan ɗaya bayan ɗaya kana tambayar kanka: wannan zan iya karanta shi da kaina cikin wata guda?

Tagullar Rumawa ta ƙarni na 4, ta zamanin Kustantin da 'ya'yansa, ita ce mashigar yawancin masu tarawa a Turai. An buga ta da yawan gaske, tana da araha, rubutunta da baƙaƙen boko ne, kuma a ƙasan bayanta akwai gajeren sunan garin bugu, kamar Antakiya ko Iskandariyya. Wanda ya yi boko zai saba da ita da wuri. Aibinta a wurinmu shi ne ba ta cika zuwa kasuwannin nan ta hanya mai tsabta ba, sai ka yi oda daga waje.

Sai kuɗin da sahabbai suka riƙa da hannunsu. Dirhamin Kisra na biyu, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 628, azurfa ce mai faɗi, siririya, nauyinta wajen giram 4, gaba hoton sarki da kambi mai fukafukai, baya murhun wutar Majusawa da masu tsaronta biyu. An buga shi da yawa, har yau ba ya wuyar samu. Takwaransa shi ne tagullar Hiraƙlu sarkin Rum, 610 zuwa 641, mai babban harafin M a baya. Riƙe su biyun a tafin hannu kamar riƙe farkon Suratur Rum ne. Amma rubutun Fahlawi na Farisa sai an zauna an koye shi, kuma akwai wanda ba zai so ajiye hoton wuta ko gicciye a ɗakinsa ba. In kana cikinsu, ka san haka tun yanzu, kada ka saya ka dawo kana waswasi.

Akwai na Jazirar Larabawa kanta kafin Musulunci: tagullar Nabaɗawa masu Mada'in Salih, musamman ta sarki Harisa na huɗu da matarsa, ƙananan azurfar Saba'awa da Himyarawa na Yaman, waɗanda suka fara da kwaikwayon kuɗin Atina mai hoton mujiya, da na gabashin ƙasa irin waɗanda aka tono a Saj. Suna da ban sha'awa ƙwarai, amma ban ba mai farawa shawarar su ba, dalilin yana mataki na gaba.

Ni a ganina, Bahaushen da ya taɓa riƙe allo yana da wata dama da Bature mai tarawa zai yi shekaru yana nema. Dirhamin azurfa na Banu Umayya da na farkon Abbasiyawa rubutu ne zalla, babu hoto ko ɗaya, kuma rubutun Kufi ne, mai kusurwa, mai kauri, ɗan'uwan rubutun da alarammomi ke yi mana a allo. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya kawo wannan tsari: dinari a shekara ta 77 bayan Hijira, dirhami ya bazu daga ta 79. Ga kuma abin da muka taso muna ji a karatun fiƙihu ba mu taɓa gani ba: nisabin azurfa dirhami 200, na zinariya dinari 20, mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ko dirhami uku. Ranar da na fara jera dirhami uku a tafin hannuna na daɗe ina kallonsu.

Bari in nuna maka yadda ake karanta ɗaya. Faɗinsa kamar sulen riyal biyu na yanzu ko ya ɗan ɗara, amma siriri ne ƙwarai, nauyinsa kusa da giram 2.9 in ba a yanke gefensa ba. A tsakiyar gaba layi uku ne: La ilaha illa, Allahu wahdahu, la sharika lahu. Abin da kake nema yana zagaye da su. Ka nemi Bismillahi, ka fara daga nan kana juya tsabar a hannu: Bismillahi, duriba hazad dirhamu bi Wasiɗ, sanata ihda wa ishirina wa mi'a. Wato an buga wannan dirhami a Wasiɗ, wani gari a Iraƙi, shekara ta ɗaya da ashirin da ɗari, 121 ke nan. Ba a rubuta shekara da lamba ba, da kalmomi ake rubutawa, kuma ga mu da sa'a, ashirin da talatin da arba'in har zuwa tis'in duk kalmominmu ne na yau da kullum. A baya akwai Allahu ahad Allahus samad har ƙarshen surar, a zagaye kuma Muhammadur Rasulullahi arsalahu bil huda wa dinil haƙƙ.

In kana son shekarar Miladiyya, ka ninka ta Hijira da 0.97 ka ƙara 622. Ta 121 za ta ba ka 739, zamanin Hisham ɗan Abdulmalik. Ka lura, Banu Umayya ba sa sa sunan halifa a dirhami, shekarar ce ke gaya maka ko na wane ne. Da Abbasiyawa suka karɓi mulki a 132 sai suka cire surar daga tsakiya suka sa Muhammadur Rasulullah, daga baya sunayen halifofi da 'ya'yansu da gwamnoni suka fara shigowa.

Wuri ɗaya ne zai ba ka wahala. Babu ɗigo, babu wasali, don haka saba'a da tis'a kamar tagwaye suke, haka saba'in da tis'in. Ka ƙirga haƙora: in dogon haƙorin ne ya fara zuwa sannan gajeru uku, tara ce, in gajeru ukun ne a farko dogon ya biyo, bakwai ce. Tarihi ma na taimakawa. Hajjaju, gwamnan Iraƙi, bai gina Wasiɗ ba sai wajen shekara ta 83, saboda haka in ka karanta saba'in da wani abu a dirhamin Wasiɗ, ko idonka ya yi kuskure ko maƙerin jabu ne ya yi.

Fulus na tagulla na wannan zamani sun fi dirhami araha, shi ya sa suke jan mai farawa. Araha ba ta ado. Da yawansu ba gari ba shekara, rubutun ya goge, sai gwani ke rarrabe su. Ka bar su sai idonka ya nuna.

Mataki na huɗu: ka duba doka kafin ka duba kasuwa

Saudiyya na da dokar kayan tarihi da gidajen tarihi ta 2014, kuma Hukumar Turas, wato ta kayan gado, da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu ce ke kula da wannan fanni yanzu. Abin da ya shafe ka a taƙaice: tono ba da izini ba laifi ne, wanda ya tsinci kayan tarihi hukuma zai sanar, cinikinsu sai da lasisi, fitar da su daga ƙasa kuma ba a yinsa kai tsaye. Dalilin da ya sa na ce ka ƙyale na Nabaɗawa da na Saj ke nan. In ka ga irinsu a hannun mutum ba takarda, da ƙasa a jikinsu, to daga ƙasar suka fito. Wanda ke zaune da iƙama ya fi kowa sanin cewa ƙaramar magana na iya zama babba.

Haka kayan da ake cewa daga Sham ko Iraƙi ko Yaman suka zo. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya hana cinikin kayan tarihin da aka fitar ba bisa ƙa'ida ba daga Iraƙi da Siriya a ƙuduri mai lamba 2199 na 2015. A Sudan ma, bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, an wawashe gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum. Kayan sata ba ya zama halal don ya tsufa. Fannin da ya dace shi ne wanda za ka samu a wurin mai lasisi, ko gidan gwanjo sananne, da fatura, wato takardar shaidar saye, a hannunka. Dirhamin Wasiɗ da na Bagadaza sun cika wannan sharaɗi, don sun daɗe suna yawo tsakanin masu tarawa da takardunsu. Kafin ka yi oda daga waje, ka tambayi hukumar da kwastan abin da ake buƙata.

Mataki na biyar: ka matse fannin har ya shiga jimla ɗaya

"Kuɗin Musulunci" ba fanni ba ne, teku ne, daga Andalus har Indiya. Ka ɗauki takarda ka rubuta: ina tara kaza, na gari kaza, daga shekara kaza zuwa kaza. In jimlar ta ƙi rubutuwa, ba ka gama zaɓe ba.

Wanda na fi ba mutane shawara shi ne dirhami ɗaya na kowane halifa daga Abdulmalik zuwa Hisham. Shida ne kacal: Abdulmalik har zuwa 86, Walid 86 zuwa 96, Sulaiman 96 zuwa 99, Umar ɗan Abdul'aziz 99 zuwa 101, Yazid na biyu 101 zuwa 105, Hisham 105 zuwa 125. Tunda babu suna a jiki, ka nemi shekarar da ke tsakiyar mulki, ba ta gefe ba, don ta gefe halifa biyu ke rabonta. Na Umar ɗan Abdul'aziz, alal misali, ka nemi shekara ta 100, na Basra ko na Dimashƙa. Ƙwaya shida abu ne da za ka ga ƙarshensa, kuma kafin ka gama ka haddace tarihin rabin ƙarni ba tare da ka sani ba.

Mai son bin gari ɗaya ya ɗauki Wasiɗ a zamanin Hisham, shekara bayan shekara; shi ne mafi yawa kuma mafi sauƙin kuɗi a duk na Banu Umayya. Mai son taswira ya ɗauki shekara ɗaya cikin shekarun 90 zuwa 97, lokacin da garuruwa da dama ke bugawa, ya nemi na Marwa da Kirman da Isɗakhar da Sabur. Mai son sunaye ya tafi wurin Abbasiyawa: Madinatus Salam, wato Bagadaza, ta fara bugawa a 146 zamanin Mansur, ka bi ta har kan Haruna Rashid, 170 zuwa 193, mijin Zubaidar da hanyar alhazai ta Kufa da magudanar ruwan Makka ke ɗauke da sunanta.

Na san abin da zuciyarka ke raya maka: me zai hana in tara wanda aka buga a Makka? Akwai shi, Abbasiyawa sun buga, amma ƙalilan ne, kuɗinsa ba na mai farawa ba ne, kuma kalmar Makka a jikin tsaba ita ce abin da ɗan jabu ya fi son rubutawa.

Wanda kuma danginsa ke Mai Wurno ko Gadarif, zuciyarsa na can, yana iya barin daɗaɗɗe ya kama riyalin Mahadiyya da aka buga a Umdurman kafin faɗuwarta a 1898. In ka jera su za ka ga yadda azurfa ke raguwa tagulla na ƙaruwa a zamanin Halifa Abdullahi. Ba laifi ba ne mutum ya bi inda zuciyarsa take, muddin fanni ɗaya ne. Taura biyu ba ta taunuwa.

Mataki na shida: ka yi wata guda kana kallo, kada ka sayi komai

Wannan ne matakin da kowa ke tsallakewa. Ka buɗe Zeno a intanet, rumbun hotunan sulallan Gabas ne, ka nemi garin da ka zaɓa, kullum ka karanta ƙwaya biyar kafin ka duba bayanin da aka rubuta a ƙasa. Ka duba sakamakon gwanjon da aka riga aka kammala, don farashin da aka saya shi ne farashi, ba wanda aka yi talla da shi ba. In hanya ta kai ka Riyad, ka shiga gidan tarihi na ƙasa ka ga na gaske a bayan gilashi, sannan ka gangara Suƙ Zal kusa da Masmak ka kwatanta da abin da ke kan faranti. Gani ya kori ji. Ka riƙa, ka juya, ka tambaya, ka ajiye, ka yi godiya ka wuce.

Cikin watan nan ka sayi kayan aiki uku: ƙaramin sikeli irin na masu zinariya mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, da madubin ƙara girma mai ninki goma, da mayen ƙarfe. Duka ukun ba su kai kuɗin jabu ɗaya ba.

In wata ya cika ka ji fannin ya gundure ka, ka canza, ba ka yi asarar ko halala ba.

Mataki na bakwai: ƙwayar farko

Ka sayi mafi yawa a fanninka, ba mafi wuya ba, amma mai rubutu raɗau wanda gari da shekara suka fito sarai. Gara ɗaya mai kyau da biyar da suka goge.

Ka fara da awo. Dirhamin Banu Umayya da ya wuce giram 3 sosai abin tuhuma ne. Wanda ya gaza da yawa kuma ka duba ko an yanke gefensa, don mutanen da suna aske azurfar. Ka kai masa mayen ƙarfe: azurfa ba ta kamawa, in ya kama magana ta ƙare, in bai kama ba kuma ba shaida ce ta gaskiya ba, don dalma da tagulla ma ba sa kamawa. Sai madubi. Na gaske da guduma aka buga shi tsakanin hatimi biyu, don haka bakin haruffansa na da kaifi, sau da yawa ma bugun ya ɗan karkace. Na jabu yawanci zubi ne: haruffa sun yi laushi kamar sabulun da ya sha ruwa, fuskar na da ƙananan ramuka, a gefe kuma akwai layin da ɓari biyu suka haɗu ko alamar an goge shi da magagari. In mai kaya ya fito da uku ko huɗu iri ɗaya sak, har inda ya tsage da inda ya lotsa, ka tashi. Masu huji ko alamar an cire musu marataya na gaske ne sau da yawa, mata ne suka yi ado da su, amma kuɗinsu ya ragu, kada a sayar maka a farashin lafiyayye.

Ka tambayi mai kaya abu uku: daga ina ta zo hannunsa, zai rubuta maka fatura da bayaninta, kuma zai karɓa in ta tabbata jabu ce. Wanda ya fara rantsuwa maimakon amsa, ya amsa. Tunda kuma azurfa ce kake saye da kuɗi, ka yi ciniki hannu da hannu, kada ka karɓa bashi. Batun saye ta intanet da batun zakka in tarin ya yi nauyi, ka kai wa malaminka.

Da ka isa gida, kada ka wanke ta. Kada ka sa mata lemun tsami, ko toka, ko man goge baki, ko abin da mata ke wanke sarƙa da shi. Duhun nan da ke jikinta shekaru dubu ne suka yi shi, kuma masu saye shi suke nema. Wanda ya goge ta ta yi ƙyalli ya zubar da rabin kuɗinta. Ka riƙe ta ta gefe. Ka sa ta a ƙaramin ambulan na takarda, ba leda mai laushi ba, don irin wannan leda na fitar da wani maiƙo kore da ke cin ƙarfe. Mazauna Jidda su ƙara kula da laima, musamman masu tagulla: in ka ga wani kore-kore mai haske kamar gari yana fitowa, ciwo ne mai yaɗuwa, ka ware ta daga sauran ka ajiye a busasshen wuri. Akwai ayar Alƙur'ani a jikin dirhami, don haka ba a yar da shi a ƙasa, ba a shiga bayi da shi a aljihu.

A bayan ambulan ɗin ka rubuta daula, da gari, da shekara, da nauyi, da ranar da ka saya, da wurin wa, da nawa. Ka ɗauki hotonta gaba da baya kusa da faturar. Tawa ta farko bayan zuwan dattijon nan ga abin da ke jikin takardarta: Banu Umayya, Wasiɗ, 121, giram 2.88. Na kai masa ita shago na ajiye a gabansa ban ce komai ba. Ya ɗaga gilashinsa ya karanta zagayen a hankali, leɓensa na motsi, ya miƙo mini.

"To, ɗana, saura ta 122."